Makullin Bai Bar Ƙusarsa Ba

Kudancin Lombok,
Laraba, 11 ga watan Safar.

Zuwa ga ƙanwata Sakmah,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa irin ta jini ɗaya da doguwar kewa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ke da mai gidanki Ujang da yaran baki ɗaya. Allah Ya ƙara masa sauƙin ciwon bayan nan, Ya sa kaffara ne, Ya tsare ku daga sanyin Bandung da kika ce har yau ƙashinki bai saba da shi ba. Mu nan alhamdu lillahi. Inna tana nan da gwiwoyinta, an ce ta riƙa yin salla a zaune ta ƙi, wai ba za ta gaida Ubangijinta kamar mai jiran mota ba. Ɗana Zulhadi ya kira daga gonar manjan da yake aiki a Malesiya, ya ce lafiya lau, sai dai muryarsa ta mai gajiya ce. 'Yata Haerani ta kai izu arba'in, malamarta ta yaba. Ruwan sama bai sauko ba tukuna, rijiyar bayan masallaci ta ja baya sosai, amma manoman taba sun ce bana ganye ya yi kyau.

Za ki yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Abin da ke tafe da ni ba na waya ba ne. Kin san muryata, ko a ɗaki ɗaya muke sai kin ce in maimaita, balle ga iskar teku, ga mai gidana, Baban Zulhadi, a gefe yana gyara mini magana tun ban kai ƙarshenta ba. Kwana uku ke nan ina rubutun nan bayan azahar, lokacin da iska ke lalata igiyar ruwa baƙi su watse. Ki yi haƙuri da tsawonta, ki karanta har ƙarshe, don akwai aiken da zan ɗora miki.

Kin dai ga rumfata ta bakin teku da idonki lokacin da kika zo sunan ɗan 'yata Haeriah, kin ga ƙusoshi goma sha biyun da ke jere a jikin bangon baya. Shekara tara ke nan masu hawan igiyar ruwa suna ba ni ajiyar makullan motocinsu. Kafin nan, kowa da dabararsa: wani ya ɗora a kan taya, wani ya tura ƙarƙashin dutse, wani ya binne a yashi ya kifa takalmi a kai. Mutum ya sunkuya a gindin mota, ya waiga hagu ya waiga dama, ai ya gama yi wa ɓarawo shela. Ɓarayin kuwa ba daga nesa suke gani ba, a inuwar bishiya suke zaune kamar masu shan iska, sun san duk wanda ya ɗauki allonsa na hawan igiyar ruwa ya shiga teku ba zai fito ba sai bayan awa biyu. Ganin hawayen baƙi ya ishe ni, shi ya sa na sa aka kafa ƙusoshin. Kowace ƙusa da launin zarenta, in ɗaura ɗaya a makulli, in ɗaura ɗaya a wuyan hannun mai shi. Ban taɓa karɓar ko sisi a kai ba, don amana ba haja ba ce. Har Turawan da ba su iya gaisuwa ba sun iya kalma ɗaya, su miƙo makulli su ce titip, wato ga ajiya, ni kuma in ce na karɓa. Doka ɗaya na kafa wa kaina: makulli kaɗai nake karɓa, ba na karɓar jaka. Abin da ban san cikinsa ba, ba zan iya tsayawa gaban Allah in ce na mayar da shi yadda aka ba ni ba. A shekara taran nan ko zare ɗaya bai taɓa ɓata ba.

To, ranar Litinin ta farkon watan jiya, da hantsi, wata baƙuwa ta zo ita kaɗai a farar motar haya. Sunanta Laras, 'yar garinku ce, ba za ta wuce shekara talatin da biyar ba, mai fara'a, ta gaishe ni da hannu biyu kamar 'yar gida. Filin ajiye motoci ya cika da rana, sai Baban Zulhadi, don ya kyauta mata, ya ce ta zagayo da motar bayan rumfa inda inuwa take. Ya yi ta juya hannu yana cewa ta matso, ta ƙara matsowa, har sai da tsakanin motar da bangon gorar ya rage abin da mutum ɗaya zai ratsa. Ta sha kofi, ta ci soyayyar ayaba biyu, sannan ta miƙo mini wata 'yar jaka ruwan toka ta ce in ajiye mata tare da makulli. Na faɗa mata dokata. Ta ce ai ta yarda da ni, na ce ni ce ban yarda da kaina ba, ta kulle a mota, mota ƙarfe ce, rumfata kuwa gora ce. Da bakina na faɗa, Sakmah. Ta yi dariya ta tafi, ta dawo babu jakar, ta ba ni makullin ta ce titip. Na ɗaura mata koren zare. Da ta juya da allonta na bi ta da addu'ar Allah Ya tsare, har sau biyu, ko waige ba ta yi ba. A raina na ce su mutanen birni fara'arsu iyakarta kofi. Allah Ya yafe mini wannan zato.

Ban bar rumfar ba ko taku ɗaya. Ko alwala ban fita yi ba. Makullin yana rataye a ƙusa ta huɗu, daidai bayan kafaɗata, ina suya ina jin sa kamar yadda mutum ke jin yaro goye a bayansa. Wajen ƙarfe sha ɗaya ta fito, ta nuna zarenta, na ba ta. Ta zagaya baya, ba a jima ba ta dawo fuskarta ta sauya. Mota a buɗe take, gilashi lafiya lau, ƙofa ba a ɓalle ba, jaka babu. Wayarta, katunanta, komai. Tana magana da ƙarfi fiye da yadda wuri ke buƙata, tana cewa wa na ba makullin, kunnuwanta suna cikin jakar. Ni kuma na ɗauka 'yan kunne take nufi, na zinariya. Na sunkuyar da kai kamar yadda aka koya mana in babban abu ya faru, na ja gefen mayafi na rufe baki, na ce mata ban ba kowa ba, zinariya kuma Allah Yana mayarwa, ta gode tana da lafiyarta. Ta ce in ɗago in kalle ta. Na ƙara sunkuyawa, don ni a saninmu wanda ke zare ido a fuskar mai fushi shi ne marar kunya. Ta sake cewa in kalle ta, me nake ɓoyewa a bayan mayafi.

Sai daga baya na gane. Matar nan kurma ce, ko kusa da haka. Wasu 'yan na'urori ne ƙanana take sawa a kunne su taimaka mata ji, ba sa son ruwa, shi ya sa ta cire su ta sa a jakar kafin ta shiga teku. In babu su, da ido take ji, leɓen mutum take karantawa. Ni kuwa na ɗauki leɓen na ɓoye mata. Duk ladabin da Inna ta dasa mana, a idonta ya zama kamannin ɓarauniya. Da Baban Zulhadi ya lura tana nuna kunnenta tana girgiza kai, ya ce mini ba ta ji, in ɗaga murya. Na ɗaga, ba ta ji ba. Na ƙara. Daga ƙarshe, ni Rumenah, da ban taɓa rantsuwa a kan ciniki ba tun da na yi wayo, na tsaya a tsakiyar rumfa na kwarara wallahi tallahi har sau uku, da muryar da ban san ina da ita ba. Masu gasa kifi suka bar kifinsu, masu jiran jirgin ruwa suka taso. Ita kuma abin da ta gani kawai shi ne tsohuwa ta buɗe baki tana yi mata ihu. Ta dube ni, ta kwance koren zaren daga hannunta, ta ajiye a kan tebur a hankali. Ba ta zage ni ba, ba ta nemi komai a wurina ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Wani ya ara mata waya aka kira Mahsun, mai motar hayar, ya zo ya tafi da ita, washegari ta hau jirgin sama.

Abin da ya biyo baya ba sai na faɗa miki ba, kin san garinmu. Jumenah mai gasa masara, wadda rumfarta ke kusa da tawa, ta ce ashe dai Malama tana da murya, ajiye ta take yi sai ranar da aka taɓa inda ke mata ƙaiƙayi. Ta ce wai ita jahila ce, ba ta yi karatun allo ba, amma ta san ƙofa ba ta buɗe kanta. A wajen wankin kaya aka ce ai ba ni ba ce, mijina ne, shi ya sa ya kai motar lungu. A wurin karatun mata na ranar Juma'a, wadda ta saba ba ni jakarta in riƙe in za ta yi alwala, ranar nan sai ta rataya abarta a wuya ta shiga da ita. Ba wanda ya ce mini ɓarauniya a fuska. Gaisuwa ce kawai ta gajarce. Mai unguwa ya zo ya duba, ya yi tambayoyi cikin mutunci, ya ce a bar wa Allah. Ni kuma na yi kwana goma sha ɗaya ina juya abin a kaina, har na fara tuhumar idona, ko na yi gyangyaɗi ne ban sani ba.

A rana ta goma sha biyu Mahsun ya kawo wasu baƙi a wannan farar motar. Na tare shi na ce ya ji tsoron Allah ya faɗa mini ko akwai makulli na biyu a hannun wani. Ya ce na biyun yana cikin akwatin matarsa a garin Praya, kuma ko shi bai isa ya buɗe akwatin nan ba. Sai ya tambaye ni a ina na rataya makullin ranar. Na nuna masa. Ya tambayi inda motar ta tsaya, Baban Zulhadi ya nuna. Mahsun ya dafa kai, ya ce in ba shi minti biyu. Ya zagayo da motar daidai wurin, ya kulle ta a gabanmu, ya ba ni makullin da hannunsa ya ce in rataya a ƙusa ta huɗu. Sannan ya kira Jumenah, ya ce ta zo ta ja marfin ƙofar tunda ita ce mai ilimin ƙofofi. Ta goge hannu a zane, ta taɓa kawai, motar ta yi ƙyas, fitilunta suka ƙifta, ƙofa ta buɗe. Ashe motocin yanzu ba sai an sa musu makulli ba. In dai makullin yana kusa, taku ɗaya ko biyu, motar tana jin sa, duk wanda ya taɓa ƙofa sai ta ɗauka mai ita ne. Bangon gora kuwa ba ya tare komai. Wato tun da na rataya makullin nan, motar a buɗe take ga duk mai wucewa da ya gwada sa'arsa, ga lungu babu mai gani. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa.

Baban Zulhadi ya yi farin ciki kamar an yi masa bushara da Hajji. Ya sa Mahsun ya maimaita abin har sau huɗu, duk wanda ya zo wucewa sai ya kira shi ya taɓa ƙofa. Jumenah ta ce to ai shi ke nan, an kama ɓarawo, sai a ɗaure ƙusa a kai ta gaban alƙali, kuma ita dama ba ta ambaci sunan kowa ba. Mutane suka yi dariya, gaisuwa ta dawo da tsawonta. Mahsun ya ce maganin abin ba wuya, in samu gwangwanin biskit mai murfi in riƙa jefa irin waɗannan makullan a ciki, ƙarfe yana toshe musu baki. Gwangwanin biskit, Sakmah. Ina da guda uku a ƙarƙashin gado cike da zare da maɓallai.

Kowa yana taya ni murna, ni kuwa a ranar ne abin ya zauna mini a ƙirji. Da, na san ban yi komai ba, mutane ne ba su sani ba. Yanzu mutane sun wanke ni, ni kuma na san da hannuna a ciki. Ni na ƙi jakar. Ni na ce mota ta fi tsaro. Ni na rataya makullin a inda ya buɗe ta. Garin gudun a ce na taɓa abin wani, na tura abin matar nan bakin kura. Na je wurin Tuan Guru, malaminmu na masallacin Juma'a, na zayyana masa komai daga bayan labule. Ya ce wanda aka ba ajiya bai yi sakaci da abin da ya sani ba, babu ramuwa a kansa, kuma Allah ba Ya kama bawa da ilimin da bai zo garinsu ba tukuna. Na ce na ji, amma ita matar fa, tana can tana ganin wadda ta ba ta kofi da hannunta ce ta cuce ta. Sai ya ce wannan ba fatawa nake nema ba, hanyar Bandung nake nema.

A gida kuma Baban Zulhadi ya kafa tasa dokar. Ya ce daga yau babu makullin wanda zai sake shiga rumfarsa, da gwangwani ko babu gwangwani, tunda shekara tara na alheri ba su saya mana kwana goma sha ɗaya na kyakkyawan zato ba. Ya ɗauko filaya ya zare ƙusoshin duka. Na ce masa ɓarayin ba su tafi ko'ina ba. Ya ce to su je su yi ta yi, shi ba ɗan sanda ba ne, ni kuma ba bankin Turawa ba ce. Ban ja da shi ba, kin san ba halina ba ne, kuma shi ma an ci zarafinsa. Amma ki ji abin da ya faru shekaranjiya. Akwai wani dattijo ɗan Japan, Morita, shekara shida yana zuwa duk rani, gashinsa fari fat. Ya zo da sassafe, ya rusuna kamar yadda ya saba, ya miƙo makulli da hannu biyu ya ce titip. Na ɓoye hannuna a mayafi na girgiza kai. Ya dubi bangon, ya ga ramukan ƙusa. Ya koma gindin motarsa, ya waiga hagu ya waiga dama, ya ɗora a kan taya. A inuwar bishiya kuwa akwai mutum biyu da ban san su ba. Awa biyu da rabi na yi tsaye a bakin rumfa idona a kan tayar nan. Ayaba ta ƙone kasko biyu, mai neman kofi ya gaji ya koma wurin Jumenah. Ashe ko na karɓa ko ban karɓa ba, abin yana wuyana, sai dai yanzu ba ni da ikon in sa shi a inda hannu ba zai kai ba. Na faɗa wa Baban Zulhadi haka. Ya ce in matar Bandung ta buɗe baki ta ce ta yafe, a ranar zai wanke gwangwanin da kansa. Ya faɗa ne don yana ganin ba zai taɓa yiwuwa ba.

To ga aiken. Mahsun ya gwada lambarta, amma ai wayar ce aka sace. Sai ya kwafo mini adireshin da ta rubuta a takardar haya, yana cikin ƙaramar takardar da na haɗo da wannan. Ya ce unguwar ba ta da nisa da masaƙar da Ujang ke aiki. Ina roƙonki don zumuncin da ke tsakaninmu, ki je da kanki, kada ki aika. Ki je da rana, ki zauna inda haske ke dukan fuskarki. Kada ki sunkuyar da kai, kada ki rufe baki, ki kalle ta ido cikin ido ko da kunya za ta kashe ki, ki yi magana a hankali ba da ihu ba. Ki faɗa mata makullinta bai bar ƙusarsa ba, kuma duk da haka ta wurina aka shiga motarta. Ki faɗa mata batun jakar, cewa ita ce ta yi daidai ni na yi kuskure. Kada ki ƙawata ni, kada ki ce yayarki mai karatu ce, mai kaza ce, duk wannan ba zai mayar mata da jinta ba. Ki tambaye ta ko ta samu wasu na'urorin, don abin da ya fi hana ni sukuni ke nan, yadda ta ratsa filin jirgi ita kaɗai ba ta jin ana kiran sunanta. Sannan ki nemar mini yafiya. In ta yafe, ki roƙe ta ta rubuta ko layi ɗaya ne da hannunta, saboda Baban Zulhadi. In ta ƙi, hakkinta ne, kada ki yi mata gardama, ki yi godiya ki tashi. Abu ɗaya na hana ki: kada ki ji tausayina ki rubuto mini abin da ba ta faɗa ba. Na fi son ƙin gaskiya da yafiyar da kika ƙera mini. Kafin amsarki ta zo, ina nan a bakin rumfa ina gadin tayoyin mutane da ido.

Ki gaida Ujang da kyau, ki ce ina ba shi haƙurin wahalar da zan sa iyalinsa. Ki gaida yaranki Nining da Dadan, ki ce wa Dadan na ji labarin ya fara azumin Litinin, Allah Ya yi masa albarka. Ki miƙa gaisuwata ga surukarki, Allah Ya ƙara mata lafiya. Inna tana gaishe ki, ta ce a tambaye ki ko Bandung ba a sayar da tikitin dawowa ne. Haerani da Haeriah suna gaishe ki, Baban Zulhadi ma ya ce a gaishe ku, bai san abin da ke cikin takardar ba, amma zan faɗa masa da zarar ta bar hannuna. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri, Ya sa mu cika da amanar da aka ba mu.

Wassalamu alaikum.

Yayarki mai jiran amsa,
Rumenah, Maman Zulhadi.